Ɗan Hajara da Ranar da Ta Ƙi Fitowa

Duk shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa mantawa da safiyar da aka kira ni gidan Alhaji Garba mai goro ba. Cikin damina ce, a shekara ta biyu da fara yaƙin basasa. Ku da kuka zo kuka tarar da fitilar ciwon shawara a ɗakin jarirai, kuna kunna ta kamar ba komai ba, bari in gaya muku yadda muke yi kafin ta zo.

A lokacin ni mai ziyarar gidaje ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa kusa da unguwar Mokola a Ibadan. Muƙamin yana ƙasa da na ungozoma mai takarda. An ɗauke ni ne don ni haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawa, ina jin Yarbanci da Turanci, kuma ina shiga gidan kulle ba mai tambayata daga ina. Aikina in bi mai jego gida bayan an sallame ta, in duba cibiya, in duba nono, in duba jini, in koma in shaida wa shugabarmu, Sista Adunni.

Mai jegon sunanta Hajara. Ita da mijinta Idi direba suna cikin waɗanda suka baro Fatakwal lokacin rikici, Alhaji Garba ya ba su ɗaki. Da yaƙi ya yi zafi, aka ɗauki Idi da motarsa yana kai wa soja kaya. Cikinta ya fara fitowa ke nan aka kawo labarin rasuwarsa, ba gawa, ba kabari. Haihuwar ce ta fitar da ita daga takaba. Namiji ta haifa, shi ne na fari.

Gwaggo Tasalla, matar Alhaji, ita ke yi mata wankan jego, ita ta aiko a kira ni.

"Malama Asabe, zo ki ga idon yaron nan, ni ban gane masa ba."

Ɗakin duhu, taga a rufe, ga garwashi a kasko. Na ce a fito da shi tsakar gida. Gwaggo ta yi turus, don ba a fitar da jariri kafin suna, amma ta miƙo min shi. Na danna hancinsa da yatsa na saki, wurin ya fito rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Na danna ƙirji, haka. Ƙafa ce kawai ba ta kama ba.

Ina kwance shi na ji warin kafur, farin ƙwallon nan da ake sawa cikin akwati don kyankyaso. An koya mana cewa akwai jariran da jininsu ba ya jure shi. A cikin wata shuɗiyar riga aka naɗe shi.

Na ce, "Hajara, rigar nan za a cire."

Ta ce, "Ta ubansa ce. Ita kaɗai ta rage min. So nake ya san ƙamshinsa."

Na yi mata bayani a hankali. Ta zare rigar da kanta, ta ninke, ta ɗora a cinya.

"Ni na jawo masa ke nan?"

Na ce, "Shawara tana kama jarirai da riga da ba riga. Ba wanda zai ce miki ga dalili." Gaskiya na faɗa mata, amma ban ga alamar ta shige ta ba.

Na koma na sami Sista. Ta tambaye ni, "Ciwon ya kai tafin ƙafa?"

"Bai kai ba, Ma."

"Yana kama nono?"

"Yana kamawa."

"To, rana da nono. Ki duba shi safe da yamma. In ciwon ya sauka ƙasa da gwiwa, ko yaron ya ƙi nono, kada ki biyo ta nan, ki wuce babban asibiti."

Haka ƙa'idar take. Shawara takan fara daga fuska ta gangaro ƙasa. Mai sauƙi a gida ake jinyarta: a tuɓe jariri, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa shi a ranar safe kafin ta yi zafi, ana juya shi. Mai tsanani kuwa sai an canja masa jini, in ba haka ba ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Sai dai duk wanda ya san Ibadan a tsakiyar damina ya san rana ba ta da tabbas. Gari ya lulluɓe, yayyafi ba ya tsayawa. Ga tsakar gidan a matse, rumfar kwanon da ake ajiye huhunan goro ta tare gabas. Da Gwaggo ta gaya wa Alhaji, bai yi musu ba. Ya sa aka kwashe goron zuwa zaure, aka ɓanɓare rumfar a cikin ruwa.

Matan gidan suka raba ido da sama. Mai tuyar ƙosai tana tuya tana ɗaga kai, mai wanki haka. Duk wadda ta ga haske sai ta ƙwala, "Ta fito!" Hajara ta fito da sauri, ta zauna a kan turmi, ta shimfiɗa shi a cinya. Kafin a juya shi hadari ya sake rufewa. Na gan ta tana bin ɗan hasken da ya rage a jikin bango, tana miƙa yaron da hannu biyu.

Washegari da azahar na tarar ya ƙi nono. Kukansa ya zama siriri mai tsini, yana banƙarewa ta baya. Na danna tafin ƙafa, rawaya. Muka shiga tasi, ni da ita da Gwaggo.

Likita ya duba ya ce canjin jini nan take, amma babu jini a ajiye, sojojin da ake kawowa da rauni sun ƙarar da shi. Sai mu kawo masu bayarwa. A wancan zamani mutanenmu suna tsoron ba da jini ƙwarai, ana cewa yana tafiya da ƙarfin namiji. Na koma Sabo na gaya wa Alhaji, ba tare da na sa rai ba. Ana sallame la'asar Alhaji ya miƙe a masallaci ya ce, "Jama'a, marayan Idi direba yana neman jini." Masu dakon goro da mahauta suka bi shi, wasu da ƙyar suka yarda suka kalli allurar, amma suka miƙa hannu. Aka samu wanda ya dace. Ta cibiya ake yin aikin, a zuƙe kaɗan a mayar da kaɗan, har a gama.

An yi, amma ciwon ya riga ya kai inda ake gudu. Da hantsi ya cika, ana gobe suna. Alhaji ya sa liman ya raɗa masa Idrisu kafin a kai shi.

Na je wurin Sista na ce, "Ma, gidan Alhaji Garba ya fita daga zagayena ke nan."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa ya ce miki? Jariri ne ya rasu. Mai jego tana nan."

Na koma gidan. Na samu Hajara da zazzaɓi, nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ba ta gaya wa kowa ba. Na samu zane mai kauri, ni da Gwaggo muka ɗaure mata ƙirji tamau don ya ƙafe. Gwaggo ta ce tun da aka dawo daga asibiti Hajara ba ta zubar da hawaye ba. Muna jan zanen ta dubi ƙirjinta ta ce, "Malama, shi nonon bai san yaron ya tafi ba." Sai a nan ta fashe. Muka riƙe ta, ba wadda ta ce ta yi shiru.

Na ci gaba da zuwa har nonon ya ƙafe, zazzaɓin ya sauka. Bayan arba'in 'yan'uwanta suka zo daga Gusau suka tafi da ita.

Abu biyu nake so ku riƙe. Kada ku duba jariri a ɗaki mai duhu, ku fito da shi haske ko da za a ɓata muku rai. Sannan in kun rasa yaro, kada kunya ko nauyin zuciya ya hana ku komawa gidan. A makaranta an koya mana jinyar uwa mai ɗa a hannu. Wadda hannunta ya zama wayam ita ma majinyaciyarku ce, kuma ita ba za ta aiko a kira ku ba.