Gadon Baba a Bayan Akori-kura

Jama'a, ku ji abin da kalma ɗaya ta jawo mini yau!

Kun san tsohuwar akori-kurar marigayi Baba, wadda tsatsa ta cinye bayanta. Na kai wa Oga Emeka mai walda a Kakuri ya canza ƙarfen. Na ja masa kunne, na ce, "Oga, motar nan gado ce, ka kula."

Ya ce, "Ba damuwa, ina jin Hausa."

Yau muka je ɗauka ni da Mama. Wayyo! Ya sa sabon ƙarfe, ya yi fenti, sannan ya haɗa gadon kwanciya a ciki! Har da majingini mai furanni!

Na ce, "Oga, gadon Baba nake nufi!"

Ya ce, "Eh, gadon Baba. Mama ma za ta kwanta."

Ina shirin masifa, sai Mama ta dafa kafaɗata ta hau, ta miƙe abinta. Matar da ciwon baya ya hana zuwa ƙauye Kirsimetin bara!

Ta ce, "Yakubu, rufe bakinka. Nemo katifa, bana da ni za a tafi."