Jan Tsumma a Wuyan Dashe

Ranar da ba ta taɓa barin raina ba a aikin nan wata Lahadi ce. Kasuwar Jibiya na ci, ina tsaye a bakin boda wajen Magama da ruwan leda a hannu, sai wani mutumin Maraɗi ya faɗa mini magana guda da ta hana ni haɗiye ruwan. Amma bari in faro muku daga tushe, ku sababbin ma'aikata, don na lura har yanzu in aka ce wa wasunku su rubuta sunan iri a jikin leda, sai su ɓata rai kamar an ce su haƙa rijiya.

Lokacin ni ne mai kula da gandun renon dashe na ofishinmu, shugaban sashen gona ne kawai a samana. Ga wanda bai san aikin ba, yawancin mangwaron da muke bayarwa ɗan aure ne. Ana shuka ƙwallon mangwaron gida a leda, in ya kai kaurin fensir a yanke kansa, a ɗauko reshen irin da ake so a haɗa, a ɗaure. Saiwa ta gida, kai na baƙo. To, dashe yana ƙarami duk kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa muke ɗaura masa tsumma a wuya. A gandunmu ja shi ne Juli, gajeren iri. Shuɗi shi ne Kent, mai tashi sama. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba, ban taɓa tambayar wa ya tsara shi ba.

Wata safiya wani dattijo ya shigo gandun yana dogara sanda. Baba Sale sunansa, mutumin wani ƙauye ne a yankin Riko. Garkar mangwaro gare shi a can, rashin tsaro ya taso su, ya baro ta ba tare da ya tsinki ko ɗaya na shekarar ba. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Mamman, shi ya ba shi aron ɗan gida a bayan tasha.

Ya ce, "Malam Lawal, mangwaro nika so. Guda ɗaya tak. Na gaji da zama gidan da babu ganye."

Na bi shi na ga wurin. Kai, jama'a! Tsakar gidan taku bakwai ce a tsaye, shida a kwance. Gefe guda katangar ƙasa ce ta siton hatsin Alhaji, ɗaya gefen masai, sama kuma wayar lantarki ta ratsa. Muna cikin awo Alhajin ya leƙo, ya ji abin da ake shiryawa.

Ya ce, "Baba, ban hana ka ba. Amma ranar da ya taɓa wayar nan, ko saiwa ta tsaga mini katangar sito, wallahi gatari zan sa."

Ni kuwa da karambanina na dafa ƙirji. Na ce, "Alhaji, wannan ni na ɗauka." Na shiga yi musu bayani kamar ina gaban allo. Binta Siga akwai zaƙi, amma gonar daji ce wurinta. Kent da Fita in suka samu ruwa ba su san katanga ba. Irin gidan nan sai Juli: gajere ne, rassansa kusa da kusa, in ana datse shi sai mutum ya tsinka da hannu yana tsaye a ƙasa.

Baba Sale ya tambaye ni shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya. Na ce uku, in Allah ya so. Ya dubi hannuwansa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Uku ina jin zan iya."

A shekarar injin rijiyarmu ya lalace tsakiyar bazara, Julin da muka aura duk ya ƙone. Sai oga, shugaban sashen namu, ya ba ni izini in samo daga wajen Isufu, wani mai renon dashe a can gefen Maraɗi, mutumin kirki, hannunsa na da kyau. Isufu ya kawo su bakin boda a amalanke. Ka'idar ita ce masu duba tsirrai su buɗe leda biyu ko uku, su duba saiwa da bayan ganye ko akwai ƙwari, su buga hatimi, sannan kaya ya shigo. An yi duk wannan. Na dubi dashen, ga jan tsumma, ga shuɗi, daidai yadda muke yi. Har na yaba a raina, na ce ashe aikin ko'ina ɗaya ne. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Na zaɓi mafi lafiya a cikin jajayen, na kai wa Baba Sale, da hannuna na dasa. Sauran kuwa masu manyan gonaki ne suka kwashe.

Daga nan aka ƙara mini aikin kula da masu noman rani, aka kuma rufe boda na tsawon lokaci, ni da Isufu muka daina haɗuwa. Baba Sale kuwa sai dai mu gamu a masallaci. In ce, "Baba, ya mangwaro?" Ya ce, "Yana nan yana ta girma, Alhamdulillahi." Ni kuma sakarai sai in ji daɗi. Yana ta girma fa ya ce! Ban taɓa taka ƙafa na je na gani ba.

Sai wannan Lahadin, shekara ta uku, ƙarshen sanyi. Na ji an ƙwala mini kira daga cikin layin motoci, "Mushe Lawal!" Isufu ne, da irin "malam" ɗinsu na Faransanci. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Cikin hira na ce ina son ya sake kawo mini Juli, irin jajayen nan na wancan karo.

Ya dube ni. Ya ce, "Wane jajaye? Ja ai Kent ne. Mu wurinmu shuɗi mukan ɗaura ma Juli."

Na ce, "Isufu, ka tuna dai."

Ya ce, "Mi zan tuna? Tun zamanin babana haka muke yi."

Na sauke ruwan ledar daga bakina. Masu gonaki ba su dame ni ba, su filin Allah gare su. Tsakar gidan nan mai taku bakwai ita ta tsaya mini a ido. Ban ma yi masa sallamar kirki ba na hau babur. Da na kai lungun bayan tasha, tun daga nesa na hango kan mangwaro ya zarce katanga, ya yi fure fal, tsakaninsa da waya bai fi kamu biyu ba. Innalillahi! Wallahi ban iya tsayawa ba, juya babur na yi na gudu.

Kwana uku ina fama. Tuwo a gabana sai in yi loma biyu in ture. Maiɗakina ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata gajiya ce. Duk motar hatsin da na ga ta nufi siton Alhaji sai in ce yau zai ɗaga kai ya gani. Har shaiɗan ya raya mini in yi shiru, in Alhaji ya sare sai in ce ƙasar wurin ce ta yi masa kyau fiye da kima. Wa zai ƙaryata ni? Tsoro nake ji, ba na Alhaji ba, na fuskar dattijon nan.

Ranar Laraba na shiga ofishin oga na faɗa masa komai. Ya saurara, ya ce, "Abin ya faru. Ka rubuta rahoto, ka cike takardar musanya, ka ba shi wani dashen kyauta, mu rufe fayil."

Na ce, "Yallaɓai, dashe muna da shi. Shekara ukun fa, wace takarda zan cike?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "To je ka faɗa masa da bakinka."

Bayan la'asar na je. Na tarar da Baba Sale zaune a buzu a gindin bishiyar, ya yi mata ɗan kwalbati da ke kawo ruwan alwala har gindinta. Ya yi murna da ganina, ya matsa mini. Na ƙi zama a buzun, na tsuguna. Na ce, "Baba, laifi na zo faɗa. Wannan ba Juli ba ne. Kent ne, babban iri. Ni na yi kuskure, ban tambaya ba."

Na jira faɗa. Sai ya ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

Ya ce, "Ɗana, ni da gemuna ya yi fari cikin mangwaro? Tun damina ta biyu na gane. Juli ba shi miƙewa haka. Dubi sama da kyau." Na duba, sai ga tabon yanka a rassan sama, tsoho da sabo. Ashe dattijon nan da sandarsa yake jingina tsani da sassafe kafin a buɗe sito, yana datse kan bishiyar da lauje, dab da wayar lantarki. 

Na ce, "Haba Baba! In ka faɗo fa? Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "In na faɗa, sarewa za a yi. Kuma wallahi in na zauna nan na rufe ido, iska na kaɗa shi, sai in ji kamar ina gida." Ya ɗaga kai ya dubi rassan. "Amma bana ya fi ƙarfina. Ƙafata ba ta hawa tsani kuma."

Na faɗa masa hanya biyu ce. Ko a tumɓuke a dasa Juli sabo, a sake jiran shekara uku. Ko a yanke wannan daidai ƙirji, a jira ya yi tofo, a aura Juli a kan tofon. Da yake saiwar ta riga ta kafu, wannan kan ɗauki kamar shekara biyu, kuma in kai ya zama ƙarami saiwa ba ta yawan bazuwa. Amma ban ɓoye masa ba, auren na iya ƙin kamawa, kututturen ma na iya mutuwa.

Ya ce, "A yanke. Amma a bar ni in ci wanga furen tukuna."

Tare muka je wurin Alhaji Mamman, ni na yi magana. Ya wanke ni tas a gaban masu awo. "Ba kai ka dafa ƙirji ba? Ba kai ka ce ka ɗauka ba?" Na ce ni ne. Ya zo ya zagaya katangarsa yana ƙwanƙwasawa, bai ga tsaga ba. Ya dubi Baba, ya dubi furen, ya sassauta. Ya ce a bar shi zuwa ruwan farko, ko kwana ɗaya kada a ƙara. Tsakanin nan ni na riƙa zuwa duk mako ina rage rassan da ke kusantar waya, don na rantse dattijon nan ba zai sake taka tsani ba.

Ya yi 'ya'ya, ba yawa, amma manya. Baba ya raba wa maƙwabta, ya aika wa Alhaji, ni ma ya ɗaura mini uku a leda. Na kai gida na ba yara, ni na kasa ci.

Washegarin ruwan farko na zo da zarto. Baba ya ɗauki butarsa ya ce zai je gaisuwa Magama, kada in jira shi. Ni kaɗai na yanke. Na shafa wa kututturen farar ƙasa don kada rana ta ƙona shi, na ja rassan waje. Da ya dawo da yamma ina nan, ban iya tafiya ba. Ya tsaya a tsakar gidan, rana ta faɗo masa a kai kamar ranar farko. Sai ya shige ɗaki.

Allah ya taimake ni, ya yi tofo. Wajen ƙarshen damina na aura rassa biyar, waɗanda na yanko da hannuna daga uwar Julin da na taɓa cin 'ya'yanta. Mako uku ake jira kafin a san ko aure ya kama, kuma ba a taɓa ledar da aka naɗe auren da ita. Kullum sai na biyo ta wurin na tsuguna ina leƙe. Ɗaya ya yi baƙi. Washegari wani. Na uku ya bi su. Ranar da na ga jan tofo ya ɓullo a sauran biyun, a ƙasa na zauna, Baba yana ta yi mini dariya.

Tun daga nan na hana ɗaura tsumma a gandunmu. Sunan iri ake rubutawa, da inda ya fito, da wanda ya aura. Kayan da ya shigo daga waje kuwa, ko daga hannun ɗan'uwana ne, sai an tambaya an ji da kunne. Kuma duk wanda muka ba dashe don ƙaramin gida, bayan damina ɗaya sai ma'aikaci ya je ya gani da idonsa. Ku da kuke ƙorafin zafin rana, ku ji ni da kyau: wanda ya sayi tumatir mara kyau gobe zai canja. Wanda muka ba dashen da ba shi ba, shekarunsa muka karɓa, kuma babu ofishin da ke mayar da su.

Bishiyar tana nan, ta yi kai gajere, ko katanga ba ta kai ba. Ba ta yi fure ba tukuna, ina sa ran sanyin bana. Baba Sale kuwa tun azumi bai cika fita masallaci ba, ƙirjinsa ke damunsa. Duk Juma'a bayan an sauko nakan biya ta gidan. In na yi sallama na shiga, ba bishiyar nake fara dubawa ba. Bakin ƙofar ɗakinsa nake kallo, in ga ko takalmansa na nan.