Wankan Tana a Ƙofar Gida

Ni dillalin kayan gwari ne. Albasa nake saye a fadamun Gummi, da kankana in lokacinta ya yi, in kai Anka ko in loda wa masu zuwa Kudu. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san rabon da ruɓa take ɗauka. Kowace shekara ina kallon tsibin kayana a bayan rumfa yana wari, har sai na nemo mai baro ya kwashe.

Wata rana a Gusau, ina jiran a yi mini facin taya, na shiga gidan wani mai kiwon kifi da ke gefen garejin don in sha ruwa. Na ga tsofaffin bahuna jere a inuwa, an rufe su da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mini. Tana ce cike, ja, siririya, ba irin manyan nan da muke tonowa a bakin gulbi don fatsa ba. Ya ce ɓawo da ragowar kayan miya yake zuba musu, su cinye, su kasayar da baƙin taki mai laushi. Na yi tunanina a tsaye: ga ruɓa kyauta, ga ma'aikatan da ba su neman lada kuma ba su zuwa biki. Na saya. Sai da ya ɗaure bakin buhun ya sa mini a mota, sannan ya ce, "Af, Alhaji, ban da albasa fa. Ba sa cin albasa. Da barkono, da gishiri, da mai."

Ban yi fushi ba. Dillali ne ya gamu da ɗan'uwansa. Na ce kankana fa? Ya ce kankana kam a wurinsu nama ce.

A duk tsawon hanya ban tuna da matata ba, alhali da ita ya kamata in fara tunanin.

Matata 'yar Yargalma ce. Tana budurwa lokacin da maza suka riƙa shigo da duwatsun zinari gida cikin buhuna, ana dakawa a turmi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki sai da yara suka fara jijjiga. Ƙanenta, wanda ita ke goyonsa, yana cikin waɗanda suka rasu. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe, aka zuba wata. Da na je neman aurenta ba ta tambaye ni ɗaki nawa na gina ba. Abu ɗaya ta ce: ƙasar wani wuri ba za ta shiga gidan da take ba, komai ribar da aka ce tana ciki, kuma ranar da ta shiga, ita za ta fita da abin da ta haifa. Na ce na yarda. Mai sayar da albasa, me ya haɗa shi da ƙasa? Tsakar gidanmu a Bukkuyum siminti ne daga bango zuwa bango, takalmi kuwa a zaure yake tsayawa, har na baƙi.

Da na iso gida na sauke buhun, na rungumo shi, na yi sallama. Ta leƙo ta ƙofar ciki ta zaure, hannunta da kumfar sabulu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Mi ke cikin buhun ga?"

"Tana ta."

"Tana."

"Awo. Ta kiwo."

"Cikin mi take?"

Nan na ji nauyin buhun ya ƙaru. Na ce, "Ƙasa ta, amma 'yar kaɗan."

"Daga ina?"

"Gusau."

"Gusau babba ta. Wane rami?"

Na ajiye buhun, na kira mai kifi a waya, na buɗe murya don ta ji da kunnenta. Ya ce ƙasar ragowar wadda aka kawo masa ce lokacin gini. Na ce daga ina aka kawo? Ya ce, "Wallahi, Alhaji, tifa dai ta kawo." Na kashe waya. Ni da na san yadda albasar wani gari ke kwana a mota ta tashi da sunan wani garin, ba ni da bakin musu.

Ta ce, "Ban hana ka kiwo ba. Ka yi kiwon kada in kana so. Ƙasa dai ba ta wuce nan." Ta nuna dokin ƙofa da ɗan yatsan ƙafa, ta koma wankinta.

Sai na kai su rumfata a kasuwa, na juye a baho. Bazara ce, rumfar kuwa kwano ce sama da ƙasa. Kashegari da rana na tarar sun taso sama sun yi laushi, waɗansu sun hau gefen bahon sun bushe a can kamar zare. Na dawo da su zaure. Bangon zaurenmu yamma yake kallo, da la'asar ko jingina ba a yi da shi. Kajin maƙwabta suka gano wurin, suka gaya wa 'yan'uwansu. Ƙadangaru ma suka zo gaisuwa. Kowace safiya in na ɗaga tsumman, jama'a ta ragu.

Wuri ɗaya ne mai sanyi a duk abin da na mallaka: gindin mangwaro na cikin gida, kusa da randunan ruwa, inda siminti ba ya bushewa. Daga ƙofar zaure ina hango shi. Akwai ranar da ta tafi gidan suna tare da yara, gida ba kowa, na tsaya da bahon a hannu ina kallon gindin mangwaron nan. Na mayar na ajiye. Wanda ya sayar wa mutane kaya da baki kawai, ba shaida ba takarda, ya san abin da ke faruwa ranar da aka kama bakinsa da ƙarya. Kuma na santa. Ba za ta yi faɗa ba, kaya za ta ɗaure.

Abin da na iya shi ne ciniki, saboda haka na zauna ciniki. Bayan mun ci tuwo na ce, "Hajiya, tanar kinka hana ko ƙasar?"

"Ƙasar."

"To in sun taho ba ƙasa hwa?"

Ta dube ni. "Tsirara?"

"Tsirara."

Ta daɗe tana suɗe ludayi. Sannan ta ce, "A wanke su in gani."

Da la'asar sakaliya na fito ƙofar gida da bokitin ruwan rijiya da gwagwa, wato kwanon nan mai huji-huji da ake tsane shinkafa. Na tsuguna, ina tsince su daga cikin ƙasa ina sawa a gwagwa, ina zuba ruwa a hankali. Tana ba ta son wanka. Tana nannaɗewa da 'yar'uwarta, su dunƙule, sai ka warware da yatsa. Daidai lokacin mutane ke dawowa daga masallaci. Yawancinsu suka yi sallama suka wuce, kamar kullum suna ganin haka. Ban da taubashina, ɗan ƙanwar babana, mai sayar da kayan babur. Shi ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Alhaji, taliya ka koma saidawa?"

"Awo. In zuba maka?"

"Wagga taliya tana motsi."

"Sabuwar hitowa ta. Kai ba ka san kaya ba."

"Dattijo da kai, da hurhura ga gemu, kana yi ma tana wanka. Ɗiyanka ma ba ka taɓa yi musu ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ci gaba da zuba ruwa. Ya ce in sun yi arba'in a gaya masa ya kawo goro. Ya tafi yana ba kowa labari har bakin kasuwa.

Na kai gwagwar ƙofar ciki. Ta sunkuya ta duba, ta sa na juya su da tsinke. Sun fita tas, suna sheƙi. Na ɗaga ƙafa zan shiga.

"Tsaya. Wadda sunka ci hwa?"

"Wace?"

"Ƙasar da ke cikin cikinsu. Ba kai ka ce abin da sunka ci shi suke kasayarwa ba? In sun shigo, ina za su aje ta?"

Na yi ciniki da manoma, da direbobi, da masu awo, ba wanda ya taɓa kama ni a irin wannan lungu. Na sauke ƙafata.

Haka tana ta shiga azumi. Na yayyaga kwali mai tsabta, na jiƙa, na zuba a sabon baho, na sa su a ciki ba ko ɓawo. Na ɗora bahon a kan dutse cikin kasko mai ruwa don kada cinnaka su hau, na kifa kwando saboda kaji, na lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Kasuwa ta ga ƙarancina a kwanakin nan, domin in zanen ya bushe sun tafi. Kowace safiya takan zo dokin ƙofa, in ɗaga mata kwalin ta duba abin da suka fitar. Da fari baƙi ne. In kwashe kwalin, in kai bayan gari in binne tare da tsohuwar ƙasar, in yayyaga sabo. Sannu a hankali kashin ya fara haske, har wata safiya ya zama launin kwalin kansa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "A sake wanke su."

Na sake. Abin da ya rage daga buhun nan duka bai fi cikin tafin hannu biyu ba.

Da na shiga, na tarar ta riga ta shirya musu wuri a gindin mangwaro. Tsohuwar randa ce da ta tsage, ta huda gindinta, ta ɗora a kan duwatsu. A ciki ta zuba ɓawon gyaɗa da kwali da busasshen kashin awakinta da ya daɗe a ajiye, ta jiƙa daidai yadda in an matsa zai ɗiga amma ba zai zuba ba. Duk abin da ke cikin randar nan ta san asalinsa. Na juye. Suka nutse nan take, don ba su son haske. Ta ce bismillah, ta rufe da faifai.

Kashegari na kwaso ruɓaɓɓiyar kankana daga rumfa, na cika musu randa, don su rama azumi. Abin ya yi tsami, ya yi zafi, ƙudaje suka cika gida. Matata ta kwashe da ludayin duma. Daga ranar ita ke ba su abinci: ɗan ɓawo kaɗan, a binne a gefe ɗaya, ba a ƙara sai sun cinye. Tsibin da ke bayan rumfata kuwa yana nan yadda yake, mai baro bai rasa aikinsa ba.

Damina ta zo ta wuce. Suka hayayyafa har aka ƙara randa ta biyu. Ƙasan ta farko ya koma baƙi, mai laushi kamar garin shayi. Ta riƙa sa abinci a gefe ɗaya har duk suka koma can, aka samu damar kwasar ɗaya gefen. Na shigo da buhuna, domin na riga na yi wa wani mai lambu maganar kaya.

Na same ta tsugune, hannunta cikin randa har wuyan hannu. Tun da na aure ta ban taɓa ganin hannunta a cikin ƙasa ba. Ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci. Na tsaya da buhuna a hannu.

Ta ce, "Wagga ba ta saidawa ba ta. Ta Inna ta."

Sai a ranar ta gaya mini cewa ƙasar da aka zuba a gidansu na Yargalma bayan kankarewar nan ja ce, mai tauri, ko zogale da ƙyar yake tsayawa, mahaifiyarta kuwa ba ta karɓar taki ko ƙasa daga hannun kowa. Ta wanke babbar samira ta abinci, ta cika, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali.

Ranar da hanya ta yi kyau na hau kabu-kabu zuwa Yargalma, samira a cinya. Na cire takalmi, na tsuguna daga nesa na gaishe da surukata. Ta sa aka miƙo samirar, ta kwance, tana cewa ɗiyar nan ba ta gajiya da aike. Ta buɗe. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Alhaji, mi a wanga?"

"Ƙasa ta, Inna."

Ta ja hannunta baya. "Daga ina?"

"Ba daga ko'ina ba. Cikin gida anka yi ta, cikin randa. Ɗiyarki ta yi ta da hannunta." Na ba ta labarin tun daga Gusau, kaina a ƙasa. Da na zo wurin azumi ta ce in maimaita.

Ta sa yatsa ɗaya ta taɓa, ta duba yatsan. Sannan ta tashi da samirar, ta je bayan ɗaki inda wani zogale ke tsaye ba ganye, ta tona gindinsa da guntun ƙwarya, ta juye, ta rufe, ta zuba ruwa daga buta.

Ba a mai da kwano wayam. Ta wanke samirar, ta jera ƙwan zabi a ciki, ta ɗaure. Ta ce in gaya wa ɗiyarta akwai yakuwa ma da take son shukawa, a aiko da wata. Hanyar Yargalma kowa ya san gargadarta. Kafin mu iso Bukkuyum rabin ƙwan ya fashe a cinyata.