Gwangwanin da Na Ware wa Baba

A shekarun babban fari, dab da sojoji su karɓi mulki, ni tela ne a Babbar Kasuwar Yamai, da keken ɗinki ɗaya da rabin rumfa, don ɗaya rabin na wani mai sayar da zare ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Maradi na zo. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina zaune a unguwar Bukoki da matata da 'ya'yanmu biyu. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, a ajin yamma na majami'a na koyi karatu, saboda haka ku yi haƙuri da rubutuna. Ni Kirista ne tun ina saurayi. Na rubuto muku wannan ne don na tsufa, kuma waɗanda suka san abin da zan faɗa kusan duk sun riga ni tafiya.

Majami'armu ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, mu kuma ba mu da yawa. Aikina a ciki shi ne shirya teburin Jibin Ubangiji a Lahadin farko ta kowane wata. In yanka burodi, matata ta dafa ruwan bisap, wato zoɓo, in zuba shi a moɗa ɗaya ta silba. Fasto ya yi addu'a, ni kuma in zaga da ita layi-layi, kowa ya kurɓa ya miƙo. Moɗa ɗaya ce ga kowa, da ma'aikacin buro, wato ofis, da mai tura amalanke. Ban da wannan, ni ke taya fasto koyar da masu shirin baftisma. Abin da na fi nanata musu shi ne, Allah ba a cikin gini yake zaune ba. Duk wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, Ruhu Mai Tsarki yana shiga cikinsa ya zauna, jikinsa ya zama ɗakin Allah, ko wane irin jiki ne. Na iya faɗin wannan sosai, har mutane suna cewa da na yi karatu da na zama fasto.

Bayan kakar da ba a girbe komai ba, mutane suka yi ta kwararowa Yamai, suna kafa bukkokin tabarma a Lazare, wani fili a bayan gari. A cikinsu wani tsoho ya zo mana ran wata Lahadi, da ƙafa, ya ce shi ɗan'uwa ne daga gabas. Kowa Baba yake ce masa. Ya taɓa yin kuturta, an yi masa magani a wani asibitin mishan, a can ma ya ba da gaskiya. Cutar ta tafi da yatsunsa na hannu da rabin hancinsa. Yana da takardar lokotoro, wato likita, a naɗe cikin fata, fasto ya karanta mana ita a gabana, ya fassara: cutar ta mutu tun da daɗewa, ba ya iya sa wa kowa. Na ji da kunnena. Matarsa ta rasu a hanya, ba shi da kowa a gari sai mu. Bayan sujada mata sukan tuƙa tuwon jar dawar taimako a ci tare, kuma wannan ne abincin kirki ɗaya da Baba ke samu a mako.

Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce yatsunsa sun riga shi zuwa sama ne don su kama masa wuri. Ni kuwa mai allura yake kirana. Ya taɓa roƙona in ɗinka masa riga marar maɓalli, wai shi da maɓalli sun daɗe da ɓatawa. Waƙoƙin sujada duk a kansa suke, in mai ba da waƙa ya ɓace, shi ke dawo da mu hanya.

Wata biyu yana sha a moɗarmu. Yakan matse ta tsakanin dungulmin hannuwansa, ya kai baki a hankali, ya miƙo mini. Duk lokacin da na karɓa sai in ji tsikar jikina ta tashi. Ba wanda ya kawo mini ƙara, gara in faɗi gaskiya. Sau ɗaya dai na ga wata mata ta goge bakin moɗar da gefen mayafinta bayansa, ni kuma na riƙe wannan ya zama mini hujja. Na samo gwangwanin madara, na daddaka bakinsa da guduma don kada ya yanke shi, na goge shi da toka har yana walƙiya. Sannan na ɗinka masa maɗauri na ƙyalle mai kauri, yadda Baba zai zura hannu ya riƙe. Na kai wa fasto na ce moɗar tana yi wa Baba santsi, ina tsoron wata rana ta suɓuce a zubar da abin tsarki. Fasto ya juya gwangwanin, ya yaba ɗinkin, ya ce Allah ya ƙara mana masu kula irina. Na karɓi yabon ban ji komai ba.

Mutane ba wawaye ba ne. Da suka ga mai shirya tebur ya ware wa Baba abin sha, suka gane abin da ake nufi. Bencin da yake zama ya fara yin fili. Wajen tuwo aka daina kiransa cikin tire, aka koma zuba masa a wani tsohon kwano. Iyaye mata suka riƙa janye yara in sun matsa kusa da shi. Ba wanda ya yi masa mugun baki, ana gaishe shi, daga nesa. Ni kuma bayan kowane jibi in tafi da moɗa gida a wanke ta da sabulu, gwangwanin kuwa in ɗauraye shi a bayan ɗaki in rataye a ƙusa, a waje.

Wata Lahadi bayan an watse, ya kira ni ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar majami'a. Ya fara da godiya, ya ce maɗaurin ya yi, ɗinkin mai allura ba ya warwarewa. Sai ya tambaye ni ko an canja abin da ake koya wa masu baftisma ne bai ji ba. Na ce ba a canja ba. Ya ce to shi yana so ya sani, wanda ya shiga cikina ranar da na ba da gaskiya, da wanda ya shiga cikinsa a gadon asibiti, mutum biyu ne ko ɗaya. Na ce ɗaya ne mana, Baba. Ya ce to, Mai Ɗakin nan ya shigo ya tarar da katanga ta riga ta zube, ya zauna haka nan shekara da shekaru, dare da rana, bai taɓa cewa a sake masa masauki ba. In shi ya iya wannan, tela ma zai iya jure bakin moɗa sau ɗaya a wata. Yana faɗa yana dariya. Na ce bai fahimce ni ba ne, don sauƙinsa na yi. Ya ce to ɗana, Allah ya yi albarka. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Matata ce ta tayar da ita, ba da baki ba. A jibin watan da ya biyo, da na miƙa wa Baba gwangwaninsa ya kurɓa, sai ta taso daga ɓangaren mata, ta ratsa tsakiyar ɗaki, ta durƙusa ta karɓa daga hannunsa, ta shanye sauran, ta miƙo mini. Waƙa ta tsaya. Fasto ya dube ta, ya dube ni, daga nan na ga ya gane. Ban ji kunyar abin da na yi ba, kunyar da na ji ita ce matata ta tona ni a gaban jama'a. Da muka koma gida ban ɗaga mata hannu ba, amma na ware mata kwano da moɗar shan ruwa, na hana ta ba ƙaramar 'yarmu abinci da hannunta har kwana bakwai. Ta ce mini, maigida, in haka ne sai in ware mata kabari ma tun yanzu. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, abin da ta sani duk a bakina ta ji shi, in ƙarya nake koyarwa in faɗa mata ta huta. Na ce ta rufe mini baki.

A Bukoki katanga ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Lazare. Baba bai zo Lahadin nan ba, bai zo ta gaba ba. Ya aiko wata mai tallan itace ta gaya wa matata cewa ya gode, amma shi bai zo Yamai don ya raba gida ba, zai yi sujadarsa a bukka, ai ba shi kaɗai ba ne a ciki. Fasto ya same ni a rumfa, ya zauna kan buhun ƙyalle, ya ce in je in ba tsohon nan haƙuri in dawo da shi. Na ce zan je. Ban je ba.

A tsakanin nan sojoji suka karɓi mulki. Abinci ya fara isa hannun mutane fiye da da, wannan kowa ya shaida. Da damina ta matso, aka ba da sanarwa cewa za a mayar da mutanen bukkoki garuruwansu a kamiyo, manyan motocin nan na kaya, a ba su iri su shuka. Wanda yake da mai karɓarsa a gari, ya zo ya ce nasa ne, ana barinsa. Ga mai hannu wannan taimako ne. Baba ba shi da hannun riƙe hauya, kuma shi da kansa ya gaya mana ba sauran kowa a ƙauyensu. Ran Lahadi fasto ya tsaya ya tambaya wa ke da wurin da zai sa shi. Fasto ɗaki ɗaya yake haya da iyalinsa, yawancin 'yan'uwa ma haka. Ni ne mai zaure, kowa ya sani, ba komai a ciki sai benci da madubin da masu ɗinki ke gwada kaya. Na sunkuyar da kai. Abin da nake tunani shi ne, wace matar ma'aikaci za ta shigo gwada riga ta tarar da kuturu a kwance.

Kowace safiya matata sai ta tambaye ni ko zan je in ɗauko Baba. Ba faɗa, ba kuka, ta ajiye mini koko ta ce yau fa, maigida. Ina da ɗinkin kakin masinjojin wani buro a hannu, na ce ta bari in gama tukuna. Ban ce a'a ba, ban taɓa cewa a'a ba. Kwana huɗu na yi a kan keke. A na biyar na ce ta share zaure, muka kama hanyar Lazare tana ɗauke da kwanon fura. Muka tarar da fili, sai duwatsun murhu da guntayen tabarma. Wata Buzuwa da ta rage tana jinyar ɗanta ta gane wanda muke nema. Ta ce shekaranjiya aka kwashe su, soja biyu ne suka ɗaga shi suka sa a kamiyo don ba ya iya kama ƙarfe, yana ce musu su yi a hankali kada su fasa tulun, yana nufin jikinsa. Na tambaye ta ko ya bar saƙo. Ta ce bai bari ba.

Fasto ya rubuta wa 'yan'uwa na gabas, ya sake rubutawa. Ba wanda ya gan shi. Har yau ban san inda aka sauke shi ba, ban san ko ya ga ƙarshen daminar nan ba, ban san wa ya binne shi ba. Matata ba ta sake ambatar sunansa a gabana ba har ta rasu. Ta ci gaba da dafa mini abinci, muka ƙara haihuwa uku, amma ba ta ƙara tambayata ma'anar wani abu na Maganar Allah ba. In tana da tambaya sai ta kai wa matar fasto.

Daga baya aka naɗa ni dattijon ikilisiya, na yi shekaru ina koyar da wannan koyarwa, don gaskiya ce ko da bakina bai cancanci faɗinta ba. Sau ɗaya na tashi a taro na ba da labarin. Nan da nan aka ce ai zamanin rashin sani ne, Allah ya yafe, aka ɗauki waƙa. Na gode musu, amma ba rashin sani ba ne. An karanta mini takardar lokotoro. Baba ya gaya mini, matata ta nuna mini, fasto ya biyo ni har kasuwa. Kuma Ruhun nan da nake cewa yana zaune a cikina bai yi shiru ba a kwanakin nan huɗu, ina jin sa sarai, ni ne na riƙa taka keke da ƙarfi. Na gaskata Allah ya gafarta mini. Amma wannan bai kawo tsohon nan cikin zaurena ba.

Abin da nake so masu karatu su riƙe, musamman waɗanda aka danƙa wa wani aiki a wurin ibada, shi ne ƙyama ba ta cika zuwa da fuskar ƙiyayya ba. Tawa ta zo ne da sunan tsabta da taimako, har aka yaba mini. In lokotoro ya ce a raba kwano saboda cuta, a raba, a kuma zauna kusa da mai ciwon. Amma in zuciyarka ce kawai ke tashi, kada ka ɗinka mata riga ka kira ta kulawa. Ku duba cikin taronku, wa ke cin abinci shi kaɗai, kuma wa ya fara ware masa kwano. In kun ce Allah yana zaune a cikin mai bi, to duk inda kuka ajiye mai bin nan, a nan kuka ajiye wanda kuke yi wa sujada. Ni a bayan ƙofa na ajiye shi, na koma ciki ina waƙa.