Kwanon Ɗiyar Fari

A ƙasarmu ta Kurfai uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya tashe shi. Ni kuwa da na girma da littattafan soyayyar da fatake ke kawowa kasuwar Filinge, na sha mafarkin ranar da zan zauna gindin gawo ina yi wa ɗiyata kitso, iska na kaɗa mana zane. Da Allah ya kawo ta, kunya ta hana ni ko kallonta sosai.

Bayan yaye uwar mijina ta karɓe ta, kamar yadda aka saba. Zamanin sojoji ne, kuma a shekarar rumbu ya ƙare tun gero bai fid da kai ba. Tuwo sau ɗaya a yini, akushi ɗaya ita da 'ya'yan yayyen mijina, ƙarta masu saurin hannu. Kafin ta hura lomarta ta huce, sun suɗe akushin. Ina kallo daga bakin murhu, zuciyata na tafasa.

Gashinta ya yi ja kamar gemun masara. Ta bar wasa, ƙafafunta suka kumbura. Na ce zan je Tabla sayen gishiri, na goya ta a baya muka nufi gidan likita. Ma'aikaciyar ta danna mata ƙafa da yatsa, gurbin ya ƙi tasowa.

"Kwanonta daban," in ji ta. "Wake, zogale, ƙuli-ƙuli, ƙwai in an samu. Ki zauna ki ba ta da hannunki."

"Madam, ɗiyar fari ce fa."

"To zaɓi guda, kunya ko ɗiya."

Washegari na dama kunu da garin wake, na dafa ƙwan zabuwata, ko da yake a wurinmu ana cewa ƙwai na sa yaro sata. A ɗaki na so ɓuya, sai na tuna abin da za a yi kullum ba ya ɓoyuwa. Na shimfiɗa tabarma tsakar gida, na aza ta bisa cinya.

Uwar mijina ta saki taɓarya. "Ke! Mi nike gani? Ɗiyar fari bisa cinya, rana tsaka? Har da ƙwai, ki maishe mini jika ɓarauniya?"

"Inna, ki gafarce ni. In ta rayu ta yi satar, ni zan bulale ta."

Matan gida suka kwashe da dariya, wata ta ce boko ya cinye min ido. Ban ajiye ludayin ba. Ɗiyar ta sha kaɗan, ta ture. Gobe ma na shimfiɗa tabarmar, jibi haka. Inna ta bar amsa gaisuwata har aka yanke gero, a rijiya kuwa sunana ya koma marar kunya.

Kumburin ya sace a hankali. Baƙin gashi ya soma tsirowa ƙarƙashin jan. Wata rana da la'asar ta gama nata kwanon, ta miƙe, ta kutsa tsakanin ƙartan nan, ta damƙo loma daga tsakiyar akushi. Ɗayansu ya sa kuka.

Inna ta dube ni. "Kin gani ko? Satar ta fara."

Sunan da aka laƙa min a rijiya bai bar ni ba har yau. Gashin nan kuwa, da ya isa kamawa, ni na fara kitse shi, a tsakar gida.