Karkataccen Bulo

Shekarun baya, tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci har in iya haɗa waɗannan kalmomi da hannuna, ni da yayana muna aikin gini a unguwar Mando. Shi ne magini, ni nake kwaɓa siminti ina miƙa masa bulo. Furfura ta fara fito mini, amma Auta yake kirana, ko a gaban leburori.

Matarsa ta zo haihuwa aka nemi jini, muka je mu bayar. Aka gwada mu, aka ce ba za a karɓi na kowa ba, dukanmu muna ɗauke da ƙwayar cutar hanta. Bayan wasu gwaje-gwaje aka tura mu wurin wata likita, ta ce cutar ta fara taɓa hantar, dole mu riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum.

"Har zuwa yaushe, likita?" in ji yayana.

Ta tambayi sana'armu, muka faɗa mata. Ta ce, "To za ku gane. Wannan ba irin kafson da ake sha mako guda a gama ba ne. Ƙwayar cutar nan ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Cikin hanta take shiga, ta ɗebi kayan aikin jiki tana gina irinta, bulo kan bulo. Maganin kuwa kamar bulo ne mai karkataccen kai. Sai ta ɗauka ta ɗora a layi ba ta gane ba, daga nan babu abin da zai ƙara zama a kansa. Gini ya tsaya."

"Ta mutu ke nan."

"A'a, malam. Harsashinta yana nan a cikin hanta, magani bai kai can ba. Ranar da kuka daina aika mata karkataccen bulo, za ta ci gaba, da sauri ma. Kada wanda ya daina sai na ce."

A hanyarmu ta komawa unguwarmu Kawo yayana yana ta dariya. Ya ce, "Auta, ashe irin bulonka ne ake sayarwa a asibiti." Gaskiyarsa, ban taɓa buga bulo ya fito daidai ba.

Muka riƙe maganin, muna sha bayan sallar asuba. Ni a lokacin da launin murfin kwalbar nake gane shi. Bayan shekara da wani abu aka sake auna mu. Nawa ya ragu, nasa kuwa aka ce ba a ga ƙwayar a jini ba sam. Likitar ta maimaita masa cewa ya ci gaba da sha, amma murna ta riga ta toshe masa kunne.

Juma'ar da ta biyo baya ya sa aka toya waina kwando guda, aka raba a ƙofar masallacin unguwarmu, sadakar godiya. Ya tsaya yana faɗa wa kowa Allah ya yaye masa. Mutane suna ta yi masa barka. Ni ma na ci wainar, har da ƙari.

Da damina ta kama na lura ba ya zuwa karɓar magani tare da ni. Na same shi a bisa katanga yana jan igiya, na yi masa magana.

Ya ce, "Auta, na tsaya a gaban jama'a na gode wa Allah ya warkar da ni. In koma ina haɗiyar ƙwaya a ɓoye, kamar ban yarda da abin da ya yi mini ba? Da wane ido zan dube shi?"

Na ce, "Yaya, harsashin fa?"

"Kai dai miƙo bulo."

Na roƙi limamin unguwa ya sa baki. Ya ce masa godiya ba ta hana magani, shi ma maganin ni'ima ce. Yayana ya ce to, ya ji. Yana jin ƙarfi a jikinsa, yana cin tuwo malmala uku, me zai sa ya yarda akwai wani abu a ciki?

Kafin kaka ta shigo idanunsa suka yi ɗorawa. Ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, cokalin gini ma ya gagare shi ɗagawa. Muka kai shi wurin likitar nan. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta mayar da shi kan maganin nan take, ta ja ni gefe ta ce zai sake tsayar da ƙwayar, amma ba zai iya gyara hantar da ta riga ta lalace ba.

Wata rana da hantsi ina ba shi kunu a gadon asibiti, ya riƙe hannuna. Ya ce, "Auta, ginin cutar nan ya wuce linta, ya kusa rufi, ko?" Na ajiye kofin kunun. Ya ce, "Kai kada ka bar naka. Ka kai yarana a duba su."

Bai kai ƙarshen watan ba.

Na kai su. An gwada kowa, waɗanda ba su da ita aka yi musu rigakafi. Ba na ganin laifinsa, har yau. Mutum ne da ya ji kunyar Ubangijinsa, sai kunyar ta bi da shi ta inda bai kamata ba. Abin da na gane shi ne, cutar da ta yi shiru ba tafiya ta yi ba.

Bara ni ma aka ce ba a ga ƙwayar a jinina ba. Na sa matarsa ta toya waina, aka raba a ƙofar masallacin nan, rabi godiyata, rabi Allah ya kai ladan kabarinsa. Ban ce wa kowa na warke ba. Washegari da na dawo daga sallar asuba na buɗe kwalbar, na haɗiyi ƙwayata, na zauna ina kallon cokalin gininsa da ke rataye a bango har gari ya waye.