Kawu Mai Farin Fenti

Kawuna mai fenti ne a garejin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. In kwamitin tsaro ya amince a tura runduna, ƙasashe ne ke ba da aron sojoji da motoci, wannan koriya, waccan ruwan ƙasa. Duk motocin sai sun bi ta hannun Kawu, su fito fari fat.

Matarsa kan tsokane shi, "Mai fenti ke nan, har furfura bai san launi biyu ba!" Shi kuwa sai ya yi tsaki, ya ci gaba da kankare farcensa.

Wata rana aka jawo wata mota, ƙofarta duk hujin harsashi. Direban abokin Kawu ne, yana kwance a asibiti. Kawu ya cike hujojin, ya goge. Wani makanike ya ce, "Baba, ka riƙa shafa musu ruwan ƙasa mana, su saje da daji."

Kawu ya harare shi. "Kanka ɗaya kuwa? Matar da ke gudu da goyo, in ta ɗaga kai, wa za ta hango?"

Ya sake bin motar da fari.